Kuɗin canza tayarod a jif ɗin iyali: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya riƙe Highlander, RAV4, CR-V ko Lexus RX na shekara biyu ko uku a kan titunanmu ya taɓa jin wannan magana daga bakin bakanike: "Alhaji, tayarod ɗinka ya tafi." Yawanci maganar kan zo ne ranar da ka shiga gareji don juyen mai kawai, aljihunka bai shirya wa komai ba. Ga tambayoyin da masu motoci suka fi yi idan an kai nan.

Wai mene ne tayarod ɗin, kuma guda nawa ne a mota?

Shi ne ƙarfen da ke kai saƙon sitiyari zuwa taya. Idan ka murɗa sitiyari, akwai wani dogon ƙarfe mai haƙora da ke kwance a ƙasan inji, wanda makanikai ke kira rak, yana zamewa hagu ko dama. Tayarod ne ke haɗa bakin rak ɗin da ƙafar da taya ke ɗaure a jiki. Ya ja, taya ta juyo. Ya tura, ta koma.

A jif irin na iyali guda huɗu ne, biyu a kowane gefe. Akwai na waje, mai kai kamar dunƙulen hannu, wanda za ka iya hangowa idan ka karya sitiyari ka leƙa bayan taya. Akwai na ciki, wanda ake ce wa rak-en, yana ɓoye a cikin wata roba mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙera. Kowannensu yana da gaɓa mai ƙwallon ƙarfe a cikin kwami, da giris, don ya riƙa juyawa yayin da taya ke hawa da sauka. Wannan gaɓar ce ke cinyewa, ba sandar ƙarfen ba.

To nawa zan kashe?

Kuɗin kashi uku ne, kuma yawancin rigimar da ake yi a gareji daga mance ɗayansu take tasowa: kuɗin ƙarfen, kuɗin hannun bakanike, da kuɗin alaimen, wato saita tayoyi, bayan an gama. Idan na ciki ne, ƙara da kuɗin robar rak da maɗaurinta, domin da wuya a cire tsohuwar roba ta koma lafiya.

Kuɗin ƙarfen shi ne mai rawa, saboda kusan duk daga waje ake shigo da shi, dala kuma ita ke yanke masa farashi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya ce maka "ai bara nawa kaza na saya", labarin bara yake ba ka. Abin da bai canza ba shi ne tsarin farashin: na kamfanin motar, mai kwalin Toyota ko Honda, ya fi kowane tsada, sai na sanannun kamfanonin da ke ƙera kayan ƙafa, sai ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga tsohuwar motar waje, sai mara suna a can ƙasa. Tsakanin na sama da na ƙasa ana iya samun ninki da yawa, alhali a ido duk ƙarfe ɗaya ne.

Bari mu yi lissafi da alkaluman misali, kai kuma ka saka farashin da aka faɗa maka yau a gurbinsu. A ce na waje guda biyu, mara suna, naira 12,000 ne, mai kyau kuma 35,000. A ce kuɗin hannu 8,000, alaimen 6,000. Mai araha ya tashi 26,000, mai kyau 49,000. A ranar farko mai araha ya ci riba. Amma idan a cikin shekara biyu sai da ya yi aikin sau uku, ya biya 78,000 ke nan, domin kowane komawa da kuɗin hannunsa da alaimen ɗinsa. Ban ma sa ranakun da ya kashe a kan benci a gareji ba, ban kuma sa taya ba, wadda ita ce babbar asarar. Za mu zo kanta.

Na duba intanet na ga ana maganar ɗaruruwan daloli. Ƙarya ne?

Ba ƙarya ba ne, lissafin Amurka ne. Can da awa ake biyan bakanike, kuma a gareji da yawa awa ɗaya ta wuce dala 100, shi ya sa kuɗin hannu da alaimen kan fi kuɗin ƙarfen. A nan abin a juye yake: hannu ne mai sauƙi, ƙarfe ne mai tsada. Don haka kada ka ɗauki wancan adadi ka buga da farashin dala ka tayar wa kanka hankali. Sai dai akwai darasi a ciki: tunda hannu yana da sauƙi a wajenmu, ba nan ne wurin tsuke aljihu ba. Ka biya wanda ya iya.

Ta yaya zan tabbatar tayarod ne ya lalace, ba wani abu ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci, domin mafi tsadar tayarod shi ne wanda aka canza alhali lafiyarsa ƙalau.

Alamun da direba ke ji su ne: sitiyari ya yi lagwai-lagwai, ka ɗan motsa shi amma mota ba ta amsa ba sai ka ƙara, mota tana yawo a kan miƙaƙƙen titi, kana ta gyara mata hanya, ƙara "ƙwas-ƙwas" idan ka hau gargada a hankali ko kana karya kwana a wurin fakin, taya tana cinyewa ta gefe ɗaya. Matsalar ita ce, kusan kowace alama a nan akwai wani abin da ke kawo irinta. Ƙarar gargada sau da yawa linkej ne, wani ɗan ƙarfen ƙafa da ke taimakawa wajen rage wa mota tangaɗi a kwana, wanda ya fi tayarod araha kuma ba ya buƙatar alaimen. Girgizar sitiyari idan ka kai gudun 90 ko 100 yawanci balansin ne ko lanƙwasasshen rim. Girgiza lokacin taka birki kaɗai, faifan birki ne. A wasu Highlander da RAV4 akwai sananniyar ƙara da ke fitowa daga sandar da ta sauko daga sitiyari zuwa rak, kana jin ta a tafin hannunka. Mutane da yawa sun canza tayarod huɗu a kanta, ƙarar tana nan daram.

Gwajin kuwa bai kai minti biyar ba. A ɗaga motar da jak, a sa mata abin tokare. Bakanike ya kama tayar da hannu biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, ya girgiza ta kamar mai tankaɗe. Idan akwai wasa, za ka ji "ƙyat-ƙyat". Sai wani ya ɗora hannu a kan gaɓar waje yayin da ake girgizawa. Idan ita ce, motsin zai bugi yatsunsa. Idan ba ita ba ce, ya matse robar rak da hannu har ya ji gaɓar ciki, a sake girgizawa. Idan kuwa an kama tayar sama da ƙasa ne aka ji wasan, to maganar bol-join ce ko boris, ba tayarod ba.

Kada ka zauna a inuwa a kawo maka labari. Tashi ka durƙusa. Wani tsohon bakanike da na daɗe ina kai wa mota, da kansa yake kama hannuna ya ɗora a wurin, ya ce wa yaronsa, "Kai, girgiza." Sannan ya dube ni: "Malam, ka ji? To wannan ne. Na can gefen bar shi, da sauransa." Bakaniken da ya ƙi nuna maka haka, ko ya ce "ai ni daga jin ƙarar na sani", bai kai a miƙa masa kuɗin kaya ba tukuna.

Wanne ya fi tsada, na waje ko na ciki?

A kuɗin hannu, na ciki. Na waje noti biyu ne: a kwance, a ɓalle shi daga ƙafa, a warware, a ɗaura sabo, idan tsatsa ba ta kama ba, abin rabin awa ne zuwa awa. Na ciki sai an fara cire na waje, a zare roba, a shiga da maɓalli a wuri mai matsi. A kuɗin ƙarfe ba su cika nisa da juna ba. Abin lura shi ne, idan za a canza na ciki, ka sa a duba na wajen da kyau tunda ga shi a hannu. Idan ya fara sanyi, canza shi a lokacin bai ƙara maka kuɗin hannu ba.

Sabo zan saya ko ɗan Beljiyam?

A kan abubuwa da yawa ni mai goyon bayan Beljiyam ne. Ƙofa, fitila, kwamfireso, har inji da giya, gara wanda aka ciro daga mota da sabon da ba a san asalinsa ba. Amma tayarod kayan cinyewa ne, kamar takalmin birki. Wanda aka ciro daga motar da ta yi shekara goma sha biyar a ƙasar ƙanƙara ya riga ya ci rabin rayuwarsa ko fiye, robarsa ta bushe, kuma sau da yawa wurin ciro shi an doke shi da guduma ko an huda robar. Ba ka da hanyar sanin tafiyar da ya yi.

Duk da haka na san dalilin da ya sa mutane ke zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas su ce a ba su na Beljiyam: sun gaji da sabon da ke mutuwa cikin wata uku. Tsoho na asali ya fi sabo na jabu, wannan gaskiya ne. Idan shi za ka saya, riƙe shi a hannu ka gwada. Sandar gaɓar ta kasance da tauri, sai ka sa ƙarfi kafin ta karkata, kuma ta tafi sumul ba tare da cije-cije ba. Idan tana faɗuwa da kanta kamar wuyan jariri, ajiye musu. Idan kuma ta ƙage gaba ɗaya, ko ka ga tabon guduma a bayan kwamin, an matse ta ne don ta yi kamar sabuwa. Duba robar, ko ƙaramin tsagu kada ka yarda. Duba zaren, kada ya zama an ci shi.

Zaɓin da ya fi kwanciyar hankali ga yawancin iyalai shi ne na tsakiya: sabo daga kamfanin da aka sani. 555 na kamfanin Sankei ne na Japan, CTR na Koriya ta Kudu, Lemförder na Jamus, Moog na Amurka, akwai kuma TRW. Ba su kai na kwalin Toyota tsada ba, kuma aikinsu ke nan.

Na sayi mai kwalin 555 amma bai yi wata shida ba. Ina kyan nasa?

Kwali ka saya. Duk sunan da ya yi farin jini a kasuwa sai an buga jabunsa, kuma 555 yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya. A shago ɗaya ana iya fito maka da kwali biyu masu kama da juna, farashi daban. Mai gaskiya zai ce maka, "Yallaɓai, wannan shi ne na gaske, wannan kuma na biyu ne." Idan aka ba ka "orijina" a farashin da ya yi ƙasa da na kowa, araha ba ta ado. Maganin abin ba ƙwarewar duba kwali ba ne, domin masu jabun sun fi ka ƙwarewa. Ka sami mai shago guda wanda yake da mazauni, ka karɓi rasit mai sunan kayan da ranar saye, ku yi magana a kan abin da zai faru idan ya yi wasa cikin 'yan watanni. Mai sayar da na gaske ba ya tsoron wannan magana.

Ta yaya zan kauce wa sayen wanda ba na motata ba?

Ka je da tsohon a hannu, ka kuma je da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Sunan mota kaɗai bai isa ba. Highlander ta 2001 zuwa 2007 daban take da ta 2008 zuwa 2013, ita ma daban da ta 2014 zuwa 2019. A Toyota lambar kaya guda goma ce. Rak-en yana farawa da 45503, na waje kuma da 45046 da 45047, ko 45460 da 45470, gwargwadon motar. Lambobin waje biyu ne saboda a motoci da yawa na dama da na hagu ba ɗaya ba ne, kowanne da inda ya lanƙwasa. Ka jera tsoho da sabo a ƙasa: tsawo, kaurin zare, da kaurin sandar da ke shiga ƙafa. Wannan sandar mai tsini-tsini ce, dole ta zauna cif a raminta. "Zai shiga, sai dai a ɗan sa washa" ba amsa ba ce.

Gefe ɗaya ne ya lalace. Dole in canza biyun?

Ba dole ba ne. Idan rami ka faɗa ko kwalbati ka daka da taya ɗaya, ɗayan kuma an gwada shi ba wasa, robarsa lafiya, bar shi. Idan kuwa tsufa ne ya kashe shi, to ɗan'uwansa ma shekarunsu ɗaya, titi ɗaya suka bi, kuma alaimen ɗaya zai ishe su idan aka yi tare. A nan ne canza biyu ke zama tattali.

Bakanike ya ce ya ƙirga zare, ba sai na yi alaimen ba. In yarda?

A'a. Ƙirga zagayen da aka warware tsohon da shi, a mayar da sabon daidai haka, dabara ce mai kyau, amma amfaninta ta kai ka wurin alaimen ba tare da mota tana ja ba. Sabon ƙarfe ba lallai tsawonsa ya zo ɗaya da tsohon ba, musamman idan kamfani daban ne. Kuma da zaren tayarod ɗin nan ne ake saita yadda tayoyin gaba ke fuskantar hanya, ko sun ɗan tsuke baki ko sun buɗe. Taɓa shi taɓa saitin ne.

Ga abin da ƙaramin kuskure ke yi. Tayar jif irin 225/65R17 tsayinta ya ɗan haura santimita 70. Idan saitin ya kauce da milimita 3 kacal, abin da ido ba zai gani ba, tayoyin gaba za su riƙa gurzar kwalta a kaikaice kusan mita 4 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kusan kilomita 230, an ja su a gicciye kusan kilomita guda ke nan. Je ka dawo sau goma, sai ka shafa tayar ka ji ta yi kaifi ta gefe ɗaya kamar zarto, gefen ciki ya yi sanƙo alhali na waje sabo fil. Yanzu tambayi farashin tayar jif guda biyu, ka kwatanta da kuɗin alaimen da ka so ka tsira da shi.

Na kwamfuta ya fi, idan na'urar tana da saiti kuma mai ita ya iya. Na san masu yi da igiya da tef waɗanda hannunsu ya faɗa, aikinsu ya fi na wasu masu allon kwamfuta da ba a taɓa gyara ta ba tun da aka kafa. Ko wanne ka je, abu uku ka nema: a daidaita iskar tayoyi kafin a fara, a kulle sitiyari a tsakiya, a saita gefe biyun ba gefe ɗaya ba. Idan ka fito ka ga sitiyari a karkace alhali mota na tafiya miƙe, koma a lokacin. Kada kuma ka yarda a cire sitiyarin a sake dasa shi don ya miƙe. A ƙasa ake gyaran.

Bayan aikin sai fitilar VSC ta kama. An ɓata min wani abu ne?

Ba lallai ba. Motocin da ke da na'urar hana santsi, wato VSC, suna da abin da ke auna inda sitiyari ya fuskanta. Idan saitin ya canza, wani lokaci sai an jona kwamfuta an sake nuna wa motar inda tsakiya take. Aikin 'yan mintuna ne, amma wasu wuraren suna cajin kuɗinsa daban, don haka ka tambaya tun kafin a fara.

An ce min rak ɗin ne gaba ɗaya za a canza. Ba cuta ba ce?

Tana iya zama cuta, tana iya zama gaskiya, kuma bambancin kuɗin babba ne, domin rak ya ninka tayarod sau da yawa. Abin da zai raba gardama yana cikin robar nan. A motar da sitiyarinta ke aiki da mai, kamar Highlander ta farko ko RX 330, idan aka zare robar mai ya tsiyayo, to rak ɗin yana yoyo ta ciki, kuma sabon rak-en ba zai tsayar da shi ba. Idan aka ga ruwa da laka da tsatsa a jikin sandar rak, nan ma magana ta girma. Haka idan sandar rak ɗin kanta tana motsi sama da ƙasa a cikin gidanta. Amma idan ciki a bushe yake, giris ɗinsa tsaf, wasan kuma a gaɓa yake, to rak-en ne kawai. Highlander daga 2008 da RAV4 daga 2006 sitiyarinsu na lantarki ne, babu man sitiyari a cikinsu sam. Wanda ya ce maka rak ɗinsu "yana zubar da mai", ka sa ya nuna maka inda man yake fitowa.

Zan iya lallaɓawa zuwa ƙarshen wata?

Ya danganta da abin da aka gani. Idan roba ce ta fashe amma babu wasa, kana da 'yan kwanaki, ka dai guji ruwa. Idan akwai wasan da hannu ke ji, lallaɓawar ta tsaya a cikin gari, a hankali, zuwa gareji. Ba motar da za a loda wa iyali a hau hanyar Zariya ko Maraɗi ba ce. Ranar da ƙwallon ya fita daga kwaminsa, tayar ta rabu da sitiyari ke nan; za ta juya inda ta ga dama, kai kuma kana riƙe da abin da ba ya jan komai a wancan gefen. Ka taɓa ganin mota a bakin shataletale, taya ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli kudu? Wanda abin ya same shi a nan ya yi sa'a, don a gudun tafiyar ƙafa ya same shi.

Akwai masu matse tsohon ko su yi masa walda. Yana yi?

Yana yin shiru na ɗan lokaci. Ana dukan bayan kwamin ko a cusa roba don wasan ya ɓace, amma abin da ya cinye a ciki bai dawo ba. Walda kuwa, ko gasa lanƙwasasshen tayarod da wuta a miƙe shi, yana canza ƙarfin ƙarfen, ya bar shi yana iya karyewa ba gargaɗi. Idan a daji ka lalace, a yi maka dabarar da za ta fitar da kai zuwa gari. A cikin gari ba ni da uzurin da zan ba wannan aiki.

Me zan sa wa ido yayin da ake aikin?

Fil ɗin notin ƙasa. A motoci da yawa notin da ke riƙe tayarod a ƙafa mai tsaga-tsaga ne a ka, ana zura masa fil ta cikin rami a lanƙwasa, don kada ya warware. Na taɓa karɓar mota daga wani gareji, bayan kwana biyu na tsaya wurin mai faci, da aka cire tayar sai ga ƙusa 'yar inci biyu a madadin fil, an lanƙwasa ta da filaya, ta riga ta fara zamewa. Ɗaya gefen ko ƙusar ma babu. Sabon tayarod yakan zo da notinsa da fil ɗinsa a cikin leda. Yaron gareji ne ya yar da su a ƙasa. Tun daga ranar ba na barin a mayar da taya sai na leƙa.

Sauran kuwa: wurin cire tsohon, a doki gefen ƙafar ko a sa abin ɓallewa, kada a doki kan zaren idan za a sake amfani da shi. Idan ramin fil bai zo daidai ba, a ƙara ɗaure notin kaɗan, ba a sassauta ba. Wurin kwance na ciki, a riƙe sandar rak ɗin kada ta murɗe ta ci haƙoranta, kuma idan motar tana da washa mai kunne, a sa sabo a lanƙwasa shi. Robar rak a ɗaure ta da maɗauri na ƙwarai, ba da tsinken waya ko robar tayar keke ba. Lokacin alaimen a sassauta ƙaramin maɗaurin bakin robar, in ba haka ba za ta murɗe tare da sandar ta yage cikin mako guda. A ƙarshe a ɗaure notin da ke kulle saitin. Ka kuma karɓi tsofaffin kayanka, ko da a bola za ka zuba.

Me ke saurin kashe shi a wajenmu?

Fashewar roba ce kan gaba. Zafi ya busar da ita, ta tsage, ƙurar rani ta shiga ta haɗu da giris ta zama kamar garin wanke tukunya, damina ta zo ta ƙarasa da ruwa. Sai ramuka da tudun rage gudu da ake hawa da gudu, da hawa kan dakalin titi don a yi fakin, da murɗa sitiyari har ƙarshe mota na tsaye cik. Manyan rim da faffaɗar taya da ake sa wa jif don ado su ma suna ƙara masa nauyi. A wurin wankin mota, ka hana yaro kafa bakin injin feshi a kan robobin nan. Duk juyen mai, a karya sitiyari a leƙa su. Roba ita ce mafi arahar abin da ke wurin.

Motata an juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu. Akwai bambanci?

Akwai. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motocin da aka ƙera wa Japan ko Ingila sai an juya musu sitiyari. Wurin juyawar ana sa rak na wata motar, wani lokaci ma ba irinta ba. Lambar shasi ba za ta taimake ka a nan ba, domin tana bayanin rak ɗin da aka riga aka cire ne. Sai an kwance tsohon an tafi da shi kasuwa, kuma ka sa a duba yadda aka ɗaure rak ɗin a jikin motar, ko da noti ne ko da walda.

Ni zan sayo kayan ko in ba bakanike kuɗi ya sayo?

Kowanne da inda yake ciwo. Idan kai ka sayo, ka san abin da ka biya, amma ranar da ya yi wasa bakanike zai ce, "Ai kayanki ne, Hajiya, ni ɗaurawa kawai na yi." Idan shi ya sayo, alhakin kaya da aiki duk a wuyansa yake, sai dai yana iya karɓar kuɗin na ɗaya ya ɗauko na biyu. Abin da na ga ya fi zaman lafiya shi ne ku yi cinikin kuɗin hannu tun kafin a ɗaga jak, a faɗi ko alaimen yana ciki ko ba ya ciki, sannan ku tafi shagon tare, ko ya kira mai shagon a gabanka ka tura kuɗin kai tsaye. Idan aka kawo kayan, a buɗe kwalin a gabanka, ka ƙirga noti da fil kafin yaro ya shige da su ƙarƙashin mota.